Bahago da Ordinatar Inna Kadidia

Ni da Bahago bango guda ya raba mu a bakin tsohuwar kasuwar Agadas, waya guda kuma ke kawo mana kuran, wato wutar lantarki. Ni ina da firigo biyu, ina sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Shi yana gyaran ordinata, wato kwamfuta. In ya kunna ƙarfen narka dalmarsa firigona ya kama tari, sai in ƙwanƙwasa bangon da ludayi in ce, "Kai Bahago, kashe mini kasuwa za ka yi?" Shi kuwa ya amsa, "Sa ba, ba damuwa, Baturiya, yanzu zan gama." Ƙarya yake, bai taɓa gama komai yanzu ba.

Sunansa na yanka Illiya, amma ko uwarsa na ji ta manta. Tun yana yaro an daki hannun nan na hagu har an gaji, ya ƙi ya bar aiki. Da shi ya fara kwance rediyon ubansa, da shi ya ci abinci shekaru yana gyara wayoyin motocin masu kai Turawa yawon hamadar Tenere. Da aka shiga shekarun tawaye Turawa suka ɗauke ƙafa, ofisoshin yawon buɗe ido suka rurrufe, aka riƙa sayar da tsofaffin ordinatocinsu a arha. Bahago ya sayi matattu guda uku, ya kulle kansa da su, ya fito da guda mai rai. Daga nan ya kama butik, ɗan shago, kusa da ni. Mutum ne siriri, marar magana da mutane, amma in ka ji shi da mashin sai ka rantse da jinjiri yake. "Haba 'yar nan, mi aka yi miki? Tashi mana."

Yana da wata al'ada da nake yi masa dariya a kanta. In ordinata ta ƙi tashi, sauran masu gyara abin da suka sani guda ne, su wanke cikinta tas su zuba sabon sistem, abin da suke ce wa formate. Bahago ba ya wanke cikin mashin sai ya tambayi mai ita sau uku, a zama daban-daban, ko akwai abin da yake so a ciki. Na ce masa, "Kai ko sakin aure ne?" Ya ce ai ya fi sakin aure, don wannan ba kome.

Abin da zan ba ku ya faru ne shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, damina kuma ta riga ta ci amanar kowa. Bazarar nan ban ga irinta ba. Makiyaya suna shigowa gari da raƙuman da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, suna sayarwa a kuɗin akuya. Awakin unguwa sun koma cin kwali. Masu kawo albasa daga Tabelot suna cewa rijiyoyin garka sun ja baya har igiya ba ta kai. An ce tawaye ya ƙare, amma ba a fita arewa sai da rakiyar sojoji, kuma mutane sun koyi rage murya in za a ambaci saurayin da ya bi hanyar nan bai dawo ba. Ba ka san kunnen wa ke kusa ba.

A cikin wannan zafi ne wata tsohuwa ta sauke kaya a ƙofar Bahago, ta ɗauko shi a ka tun daga unguwarsu bayan babban masallaci. Inna Kadidia ce, mai sayar da kuka da daddawa. Na san ta sama-sama, mace mai kamun kai, ba ta dariya da haƙori a waje. Ta kwance zanen da ta naɗe kayan, sai ga akwatin ordinata a cikin buhun algarara, buhun kuwa jiƙe sharkaf.

Bahago ya dafe kai. "Inna, wa ya jiƙa ta?"

"Ni. Zafi take yi kamar mai masassara. Na ga haka muke yi wa bido, jarkar nan, ruwa ya yi sanyi."

Wallahi na so in yi dariya, amma da na ga fuskarta sai dariyar ta koma. Ta ce tun da bazara ta kama take lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhu, kuma lafiya lau, sai Juma'ar da ta wuce kuran ya ɗauke tana kunne. Da ya dawo ta danna, allon ya tsaya baƙi ƙirin, da wasu 'yan fararen rubutu a sama, shi ke nan. "Ɗan nan, ka tada mini ita kafin Juma'a."

Bari in faɗa muku tun yanzu abin da ni da Bahago ba mu sani ba a ranar. Ordinatar ta ɗanta ce, Alkasum, kuma Alkasum ɗan fari ne. Inna Kadidia irin matan da ne masu riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarsa ba, ko tuwo za ta ba shi sai ta aje ta kau da kai. Wurin kakarsa ya girma, sai da ta rasu ya dawo gida da gemunsa. Damina biyu kafin wannan fari ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Libiya. Ya kira sau guda daga Dirku, daga nan shiru. Kafin ya tafi ya sa hotonsa a allon ordinatar, kai ba rawani, yana dariya, yadda da ta tashi fuskarsa ce za ta fara fitowa. Ya zaunar da ƙanwarsa Zeinabou yana koya mata inda ake dannawa, da babbar murya, uwar tana gefe tana tankaɗe kamar ba ta ji. Ya bar kuma ɗan rago, ya ce a riƙe masa na ranar dawowa.

Duk Juma'a, in maza sun tafi masallaci, Inna Kadidia takan rufe ɗaki ta danna wurin nan, ta zauna ta kalli ɗanta son ranta, abin da ba ta taɓa yi ba yana gabanta. A ranta ta ƙulla cewa muddin fuskar nan na fitowa, yaron na numfashi a wani wuri. Ragon kuwa tana saya masa dusa a shekarar da ita kanta sau guda take ɗora tukunya.

Bahago ya kwance kusoshin akwatin da turnubis, ya ga tsatsa ta fara cin ƙafafun 'yan allunan ciki. Ya goge su ɗaya bayan ɗaya da buroshin haƙori, ya shanya a inuwa, yana ta lallashi. Da kuran ya zo ya gwada. Fanka ta juya, mashin ta yi ƙara guda, ta kama hanyar tashi, sai ta tsaya cak a baƙin allon nan. Ya sa faifan sede ɗinsa na gyara, ta ƙi. Ya ce mini ɗaukewar wuta ta yayyaga sistem ɗin, ba abin da ya rage sai wankewa. Da can yakan kwashe kayan mutane ya aje a wani diski nasa kafin ya wanke, to wannan diskin zafi ya kashe shi tun farkon bazara, kuma sabo sai an aiko daga Yamai.

Ya yi tambayarsa ta farko tun ranar da ta kawo. "Inna, akwai abin da kike so a ciki?"

Ta dubi ƙasa. "Ni mi na sani a ciki? Ka dai tada ta."

Ta biyu, ta biyo da tiren daddawarta, ina tsaye, da wasu samari biyu suna shan ruwa a bencina. Ya ce, "Inna, in na wanke ta komai zai tafi fa. Takardu, hotuna, komai. Ta wa ce?"

"Ta wani ce da ba ya nan."

"To ko za a jira shi?"

Na ga leɓenta ya motsa. Ta dubi samarin nan, ta dube ni, ta gyara lulluɓi. "Babu abina a ciki," in ji ta. "Juma'a dai nake so."

Ta uku har gida ya bi ta, ya same ta da maƙwabta a tsakar gida ana tsinkar zogale, ragon na ɗaure a gindin bango. Amsar ba ta sake ba. Ni a ganina ba ta ma gane mi wankewa ke nufi ba. Ta ɗauka fuskar a jikin gilashin take, kamar hoto a bango, in an share ƙura sai ta ƙara fitowa. Kuma ko ta gane, ta yaya za ta buɗe baki gaban mutane ta ce fuskar ɗanta na fari take so ta gani? Bahago ya dawo ya wanke, ya zuba sabon sistem, mashin ta tashi garau. Har ya leƙo yana mini yanga, wai in zo in ga aikin hagu.

Ranar Laraba Zeinabou ta zo sayen ƙanƙara, ita da ke aure can wajen tasha. Ta hango akwatin a kan tabur ɗin Bahago ta gane shi da wata 'yar laya da wanta ya ɗaura a jikin waya. Ta ce, "A'a, ai ordinatar Yaya ce! Ta samu? Don Allah kunna in gan shi." Bahago ya ce, "Ki ga wa?"

Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum kamar yadda ya bar ta Bahago ba sa'ad da yarinyar nan ke bayani. Ita ce ta gaya mana komai, har da yadda ta taɓa laɓewa a bayan ƙofa ta ji uwar na cewa a hankali, "To, kana nan." Ƙanƙarar ta narke a hannunta tana kuka. Ta ce, "In Inna ta danna ba ta gan shi ba, wallahi ban san abin da zai faru ba."

Bahago ya rufe butik ga kowa. Akwai wata dabara da suke yi ta tono abin da aka goge, ya sa ta, muna zaune muna jiran kuran kamar masu jiran haihuwa. Na kashe firigona duka biyu don kada wuta ta yi masa rauni, ni da ban taɓa kashe su don kowa ba. Abubuwa suka riƙa fitowa a karye. Can ya kira mu. Hoton ne, amma sabon sistem ya riga ya kwanta a kansa. Daga sama ana ganin bangon jar ƙasa, da gashin kai, da goshi. Daga gira zuwa ƙasa toka ce fara fat, kamar an zuba siminti. Zeinabou ta yi salati ta rufe ido. Ta ce gara uwar ta ga baƙin allo da ta ga wannan.

Saura dabara guda, a samo wani hoton Alkasum a sa a madadinsa kafin Juma'a. Sai ku ce abu mai sauƙi. To a Agadas ta lokacin ba mai aje hoton saurayin da ya yi arewa. A shekarun tawaye mutane sun goge na cikin salula, sun ƙona na takarda, don kada a tsayar da kai a shinge a ce wannan wane ne, ina yake. Mai hoton da ke kusa da tasha ya ce shi bai taɓa jin sunan ba, alhali tare suka yi lakwal, makarantar boko. Abokansa na shan shayi kowa ya ce sai dai wane. Bahago, mutumin da ba ya iya gaisuwa mai tsawo, ya bi gari ƙofa ƙofa cikin rana yana tambayar hoton ɗan mutane.

Ranar Alhamis wani mutum da ban sani ba ya zo ya sayi ƙanƙara. Ya biya, ya aje ta a kan benci, bai ko dube ta ba. Ya ce, "Maƙwabcinki fa? An ce yana neman hoton wani yaro." Na ce ni ruwa nake sayarwa. Ya ce, "Yaron nan, Libiya aka ce ya tafi, ko?" Ya yi murmushi, ya daɗe yana kallon ƙofar Bahago, sannan ya tafi. Ƙanƙarar na nan har ta zama ruwa ta bi ƙasa. Da Bahago ya dawo na ce, "Kai, ka bar yawon nan, an fara shinshina." Ya ce, "Baturiya, da hannuna na goge shi." Ya ce an kwatanta masa wani shofar kamiyo, direba mai suna Seydou, wanda suka yi tafiyar Bilma tare da Alkasum, ana sa ran shigowarsa da rakiyar safiyar Juma'a.

Tun da hantsi ya tafi tasha. Ya bar mini makulli, ya ce in Inna Kadidia ta zo in riƙe ta da hira, kada in bari ta taɓa. Kuran ma babu tun asuba, na ce to Allah ya rufa asiri.

Ta zo ana kiran farko na sallar Juma'a, ta ci ado da wankakken zane kamar mai zuwa suna. Na shimfiɗa mata tabarma a butik ɗina, ta ce a'a, kusa da kayanta za ta zauna, ta ga ai makullin na hannuna, dole na buɗe mata. Kasuwa ta watse, maza duk sun yi masallaci, titi ba kowa sai awaki. Na kawo zancen tsadar hatsi, na kawo na rijiyoyi, na kawo na auren 'yar wance. Tana amsawa da "uhm", idonta na kan akwatin. Na ce mata Bahago ya ce akwai sauran aiki. Ta ce, "Tun Talata ya aiko mini cewa ta tashi."

Sai na ji firigona ya yi gurnani ta bayan bango. Kuran ya dawo.

"Inna, ki dakata ya zo!"

Ta dube ni, karo na farko ido cikin ido. "'Yar nan, ɗan ba ni wuri."

Mi zan ce? Sa'ar uwata ce. Na fita na tsaya a bakin ƙofa, na ba ta baya rabi, ina jin fankar mashin ta kama juyawa. Na yi ta addu'a kuran ya ɗauke, shi da ke ɗaukewa ba a roƙe shi ba. Bai ɗauke ba. Mashin ta yi 'yar waƙarta ta tashi, na juya.

Ku da kuka san ordinata kun san hoton da ke zuwa da sabon sistem na wancan zamani. Wani tudu ne lulluɓe da ɗanyar ciyawa, kore shar, ba mutum, ba dabba, sama shuɗiya da fararen gizagizai. Mu da muka yi wata da watanni ba mu ga koren abu ba sai a miya, ko ni sai da ƙirjina ya buga. Inna Kadidia ta matsa kusa. Ta duba dama, ta duba hagu, ta kai yatsa ta shafa gilashin daidai inda fuskar ke zama. Ta daɗe.

"Can ana ruwa," in ji ta a hankali. Sannan ta ce, "Ashe ya isa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Inna, ba haka ba ne! Wannan hoton kowace mashin da shi take zuwa, je ki sibar, shagon ordinatoci, ki gani, duk shi ne!"

"Na sauran mutane ban sani ba. Tawa da mutum a ciki." Ta miƙe ta gyara zane, ba hawaye ko ɗigo. "In an sauko daga masallaci ki turo mini Abdu mahauci."

Bahago ya iso bayan la'asar, jiƙe da gumi, kamiyon ya makara. Da ya ga allon a kunne bai tambaye ni komai ba, ya juya da gudu, na rufe butik na bi shi. Tun daga bakin lungu muka ga tabarmi a ƙofar gida. Liman ya ce ba a zaman makoki ba labari, ta ce ita ba makoki take ba, sadaka ce. Amma mata sun cika tsakar gida, ana ta "Allah ya jiƙan rai". Igiyar ragon na nan a gindin bango, fatar na shanye a kan katanga. Abdu ya ce bai taɓa yanka dabba mai kitse irin wannan ba a shekarar nan.

Bahago ya durƙusa gabanta, ya zaro hoton daga aljihu. Seydou ya ɓoye shi ne a ƙarƙashin kujerar kamiyo, duk ya yi baƙin mai. Samari ne a kan lodin gishiri, Alkasum a tsakiya da rawani, amawali ya rufe shi har ƙarƙashin ido.

"Inna, ni na goge shi, ba wani abu ne ya same shi ba. Ga shi nan, dubi. Yanzu zan mayar miki da shi."

Inna Kadidia ta kau da kai ta fuskanci bango, yadda ta saba yi duk ranar da yaron ya shigo gida da mutane a wurin. Hannun Bahago na miƙe da hoton, ba ta juyo ba.

"Zeinabou," in ji ta, "zuba wa mai gyara nasa. Ya sha wahala."

Aka kawo masa naman a kwano, da zafinsa. Ba a mayar da sadakar mamaci. Ya aje hoton a kan tabarma, ya sa hannu biyu ya karɓa.

Ba ta sake zuwa ɗaukar ordinatar ba, tana nan a saman kantar butik ɗin Bahago. Har yau ba wanda ya zo ya ce ya ga Alkasum, a raye ko a mace.